Ku Bar Malam da Ƙarfensa

Har gobe ban manta Asabar ɗin da Malam Buhari ya daka wa samari tsawa a ɗakin motsa jikinmu na Gidan Dahala ba. Lokacin ina mataimakin mai horarwa, ni ke auna mutane in tsara musu atisaye.

Malam dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana fama da ciwon sukari. Likita ya ce in ƙiba ba ta ragu ba kafin azumi, sai allura kullum, shi kuwa ba abin da ya tsana irin allura. Ya rage tuwo, ya dage da tafiya a kan inji. Nauyi ya fara sauka, sannan ya tsaya cak. Wata biyu sikeli bai motsa ba, tausayinsa ya kama ni.

Na kai maganar wurin shugabanmu, Oga Sani. Ya ce, "Jikin ya saba da tafiyar. Rage ci kuma yana zaftare tsoka, alhali ita ke ƙona abinci. Ba shi ƙarfe ya riƙa ɗagawa."

Da na gaya wa Malam, sai ya shafa gemu. "Ni da hurhurata? Wanga aikin 'yan dambe na!" Da ƙyar ya yarda.

Muka fara da ƙananan ƙarafa, amma ko gumi ba ya yi. Na sa ido. Ashe da ya sunkuya sai wani ya rugo: "Haba Baba, kawo!" Wannan ya ɗauko masa, wancan ya tallafi gwiwar hannunsa suna ɗagawa tare. A garin nan ai ba a barin babba da kaya, ko buta ce. Su ladabi suke yi, ba su san wajen allura suke tura shi ba.

Na ja shi gefe na gaya masa. Asabar na zuwa, wani ya miƙo hannu, Malam ya ce, "Kai! Wanda duk yat taɓa ƙarhen ga, shi za a yi ma allurata!" Aka kwashe da dariya, kowa ya ja baya.

Tazugen wandonsa ya riga sikeli ba da labari. Ana saura kwanaki azumi ya shigo yana murmushi, likita ya bar shi a kan ƙwaya. Bisa sabo na kai hannu zan karɓi jakarsa. Ya harare ni. "Har kai?"

Don haka ku sababbin masu horarwa ku riƙe: a aikin nan akwai kayan da in ka karɓar wa mutum, cutarsa ka yi.