Bayana da Bayan Rifkatu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku tun kafin azumin bara, masu neman girkin biki suna ta turo saƙo ba amsa. Ku yafe ni. Kwance nake.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Maman Ummi ta unguwar Barade a Jalingo, mai dafa abincin biki da suna. Muna aikin ne tare da maƙwabciyata Rifkatu, shekara da shekaru, tukunya ɗaya, riba a raba.

A wani biki a Iware muka ɗaga tukunyar shinkafa mu biyu, ƙafata ta zame, tukunyar ta ja mu. Ni na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna, ita ma ta dafe bayanta. Rana ɗaya muka kwanta.

Rifkatu ta tafi Sunkani wajen wani dattijo mai ɗori. Ya matsa mata, ya shafa man da yake haɗawa. Ban gama shanye ƙwayoyin da aka rubuta min a asibiti ba, sai ga ta a waya tana rawa a cocinsu, ɗankwali ɗaure a ƙugu.

Na kalli bidiyon nan har wayar ta yi zafi. Ko alamar so ban danna ba.

Ni kuwa ciwon ya sauko ta cinyar hagu har ɗan yatsa, kamar an zura min waya mai wuta. Sallah a kwance. Bayi sai Baban Ummi ya riƙe ni. Ta taga nake ganin mata suna sunkuyawa suna shara, in ji kamar in kira su in ce, kun san abin da Allah Ya ba ku kuwa?

Likita ya duba hoton ƙashi ya ce bai ga karaya ba. "Amma jijiya nake tsoro, Hajiya. Ki je Gombe a saka ki a na'urar da ke nuna cikin baya. Kada kowa ya danna wurin nan kafin mu gani."

A gida aka rabu biyu. Baban Ummi ya ce Gombe, ko da za a sayar da firizata. Surukata ta ce, "Ga Sunkani nan kusa, ga wadda ta warke kuna gani da idonku. Me za ku je nema a garin mutane, a yanka yarinya?"

Ni ma Sunkani nake so. Ba don na fi yarda da dattijon ba. So nake in miƙe da sauri kamar yadda ta miƙe, domin a lokacin Rifkatu ce ke riƙe da duk masu ba mu aiki. Wata ta kira ni gaisuwa, ta ƙare da cewa, "Ai Rifkatu ta fitar da mu kunya, miyar nan har yau ana maganarta." Miyar da ni na koya mata. Na ce masha Allah, na kashe waya, na juya fuskata bango.

Duk yamma tana shigowa da kwano, da rabona na aikin a ƙulle a leda. Ina karɓa ina godiya, idona yana kan yadda take durƙusawa ta ajiye kwanon ta miƙe ba ko cije leɓe.

Da Baban Ummi ya tafi kasuwa wata safiya, na ce ta kai ni Sunkani. Ta kira mai Keke Napep. Ta riƙe ni muka fito a hankali har bakin titi. Za ta ɗora ni sai ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Maman Ummi, ina takalminki ɗaya?"

Na duba. Silifas ɗina na hagu yana can ƙofar gida. Na taka tsakuwa da ƙafa tsirara duk tsawon layin nan, ban ji komai ba.

Ta tsuguna ta mintsini yatsana. "Kin ji?"

Na ce a'a.

"Nawa bai yi haka ba," in ji ta. "Nawa nama ne kawai. Ba zan kai ki Sunkani ba, ko za ki daina min magana."

Na ce mata, "Wato ke kaɗai kike so ki warke." Ta ce wa mai Keke ya juya asibiti, ta kira Baban Ummi.

Washegari muna hanyar Gombe, ina kwance a kujerar baya. An tura ni cikin na'urar nan mai ƙara kamar injin markaɗe. Sakamako ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya fito ya danne jijiya. Likitan can ya ce da an matsa wurin da ƙarfi, ko an ƙara jinkiri, ƙafar na iya tafiya gaba ɗaya.

An yi aiki. Firiza ta tafi. Na ji tsoro sosai da za a shiga da ni, har na ba Baban Ummi wasiyya a kan yara. Bayan nan watanni na gashin ƙashi da motsa jiki a nan Jalingo, daga sandar ƙarfe zuwa dafa bango.

Yau ina tafiya da ƙafata, ina sujada. Tukunya dai an hana ni ɗagawa har abada. Ina zaune a kujera ina ɗanɗana gishiri, Rifkatu tana juya shinkafa. Ba zan yi muku ƙarya ba, wani lokacin har yanzu ina kallon bayanta da hassada. Sai in yi istigfari in ce ta ƙara tattasai.

Alhamdulillah. Na gode wa Baban Ummi, da surukata da ta riƙe min yara, da likitoci da ma'aikatan jinya. Rifkatu, Allah Ya biya ki da abin da ya fi.

Shawarata: in ciwon baya ya sauko ƙafa, ko ƙafar ta mutu, ko fitsari ya fara kuɓuce muku, ku tafi asibiti a ranar. A ga ciki kafin a taɓa waje. Kuma kada ku bi hanyar wani don kun ga ya riga ku tashi. Tukunya ɗaya muka ɗaga ni da Rifkatu, amma ba ciwo ɗaya muka ɗauko ba.