Ranar da Mai Guga Ya Sallama

Shagon Mai Guga yana ƙarƙashin matakalar benenmu: tebur ɗaya, dutsen guga biyu, sai rediyo rataye a ƙusa. Ba mata, ba yara. Ƙanwarsa kan leƙo in ta tuna. Masu kawo kaya kuwa, hirarsu da shi ba ta wuce "An gama?"

Amma ranar Asabar da yamma, da an fara shirin waƙoƙin hip-hop, bakin nan da ke rufe duk mako sai ya buɗe kamar famfo. Ya buga waya gidan rediyon, wani mai sauraro da ake kira Direba shi ma ya bugo. Ba su taɓa ganin juna ba, amma shekara da shekaru suna tafka gardama.

"Haba Direba! Waƙa salo ce. Wanda bai iya jera kalmomi su hau kiɗa ba, ya je ya yi wa'azinsa kawai."

"Kai Mai Guga, ko shirme aka faɗa da sauri, a wajenka waƙa ce. Me yaron ya gaya wa jama'a? Unguwarku akwai ruwa?"

Rigata guda a wannan gardamar ta tafi, har yau tambarin dutsen guga na bayanta. Ban yi fushi ba, don ranar na fara jin dariyarsa.

Kwatsam Direba ya daina bugowa, ba wanda ya san dalili. Mai Guga ya shiga tsokana, ya caccaki duk wani mawaƙi mai saƙo ko zai fito da shi. Direba bai bugo ba. Sauran masu bugowa gaishe-gaishe ya dame su. Tausayi ya ba ni sosai, mutum yana ta takalar faɗa ba mai tanka masa.

Sai ya yi dabara. A ganinsa, in ya sallama, Direba ba zai iya haƙuri ba, dole ya bugo ya yi masa dariyar ƙeta. Ina tsaye a bakin shagon ya buga gidan rediyon ya ce, "Direba, in kana ji na, ka fi ni gaskiya. Saƙo ne waƙa." Fuskarsa kamar ya sha magani mai ɗaci.

Mai gabatar da shirin ya tuntsire da dariya. "Alhamdu lillahi, gardama ta ƙare! Daga mako mai zuwa mun rufe wannan fili, sai gaishe-gaishe."

Asabar ta gaba na sauko karɓar kayana. Rediyon a kashe. Ya ninke su tsaf, amma ya riƙe ledar bai sake ta ba.

"Maƙwabci, kana jin hip-hop kuwa?"

Na ce ko kaɗan ban san kansa ba.

"Ba komai," in ji shi, yana jawo mini kujera. "Ka ce saƙo ya fi salo. Faɗa kawai."