Taku Saba'in Daga Ƙofar Maƙabarta

Tun kafin masu shaguna su buɗe, Mai Diga yake isa bakin maƙabarta. Ya cire kwaɗo, ya jingina diga da shebur a jikin katanga, ya tsige ciyawar da ta fito a hanya, sannan ya zauna jiran wanda za a kawo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Duk unguwar babu gidan da bai haƙa wa kabari ba, amma daga nesa ake gaishe shi, sai ka ce sammaci yake rabawa.

Kaburburan wurin ba su da allo, babu kuma littafin da aka rubuta su. Littafin shi ne kansa. Duk wanda ya binne, sai ya ƙirga taku daga ƙofa ya riƙe a ka. In jariri ne, ya ƙara da tura farin dutse cikin ƙasa ta wajen kai. Baba Mai Diga, kai ne rumbun da muka zuba matattunmu muka juya baya.

Goggonmu mai ɗinki wasiyya ɗaya ta bari. 'Yarta tilo ta rasu a goye shekara talatin da huɗu da suka wuce, ba ta sake haihuwa ba. A gadon asibiti ta riƙe hannun ƙaninta, Baffa, ta ce, "Ka kwantar da ni kusa da yarinyata. In ka saɓa, ban yafe ba."

Baffa ya riga gawa zuwa maƙabarta, ya faɗa wa Mai Diga wasiyyar. Mai Diga bai ko yi dogon tunani ba.

"'Yar mai ɗinki? Taku saba'in, ka juya dama, taku tara."

Ya ƙirga, ya durƙusa, ya tona da hannu. Babu dutse. Ya koma ƙofa ya sake, babu. A karo na uku har makara ta iso, rana ta take, mutane sun fara tsaki. Wani daga baya ya ce, "Haba Baffa, ƙasa ai duk ɗaya ce, a sa ta ko'ina mana!" Hawaye suka bi gemun Baffa.

Mai Diga ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Ba ƙasa ce ta matsa ba," in ji shi. "Takuna ne ya gajarta."

Ya yafito wani ɗan yayan Goggo, direban babbar mota, dogo kamar yadda shi ma yake a da. "Zo nan, ɗana. Fara daga ƙofa, ka taka kamar ka makara." Direban ya taka saba'in, ya juya dama ya taka tara, ya wuce inda tsohon ya tona da nisa. A nan yatsun Mai Diga suka ci karo da farin dutsen. Maza suka karɓi diga, aka kwantar da Goggo gefen 'yarta.

A gida, kuka ya koma dariya. Aka tuna yadda Goggo ke yi wa kowa ɗinki burum-burum tana cewa, "Za ka girma," har Baffa mai shekara sittin bai tsira ba. Aka yi ta hira har la'asar, babu wanda ya ambaci mutumin da ya cika mata alkawari. Abin kunya ne, kuma har da mai wannan rubutu a ciki.

Baffa ne ya tuna, ya koma yi masa godiya. Ya tarar da shi a bakin ƙofa, makulli a tafin hannu.

"Na ajiye aiki, Malam. Ƙafar da ta auna wurin nan ta riga ni mutuwa."

Dubban mutane ke kwance a cikin wannan kai mai furfura, kuma har yau babu wanda ya zo da takarda da igiyar awo ya ce, "Baba, nuna mini." Kowa na cewa gobe. Ranar da ya rufe ido, iyayenmu za su sake ɓacewa, wannan karon babu mai nemo su.

Mun gode, Baba, ko da yake godiyar ta zo a makare. Allah Ya saka maka da abin da muka kasa. Ku kuma da kuke da ƙafa da ido, ku je ku bi shi taku-taku tun yana iya magana, ku riƙe amana yadda ya riƙe.

Da Baffa zai tafi, tsohon ya kamo bakin rigarsa, ya rage murya.

"Matata tana taku ɗari da goma sha biyu, hagu uku. Na bar wuri a gefenta. In lokacin ya yi, don Allah ku sa dogon nan ya ƙirga."