Keken da Baba Ya Miƙar

Ƙanena gurgu ne, shan inna ce ta kama shi tun yana goye, amma daga ƙugu zuwa sama ba na jin duk Tanut akwai mai ƙirarsa. Abu ɗaya yake so a duniya, tseren keken guragu. Da sassafe sai ya fita da tsohon kekensa mai fedar hannu, ya hau kwaltar Agadas yana tsere da amalanken jakuna, masu amalanken suna yi masa ihu. Da aka ce za a yi zaɓen 'yan tsere a Damagaram, waɗanda suka zo gaba a tafi da su Yamai, sai ya zo ya tsare ni a gindin wani inji da nake gyarawa.

"Yaya, wai karatun naka na mene ne? Ka tafi Yamai koyon ƙera injuna, ka dawo kana ɗaure wa mata injin markaɗe?"

Ta yi mini zafi, don gaskiya ce. A jami'a har bincike na yi kan yadda ƙarfin hannu yake isa ga ƙafar keke, na dawo gida ban sami wanda zai tambaye ni ba. Shi kuwa ya haura talatin, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa in wannan damar ta wuce shi, shi ke nan.

Sai na zage. Na auna hannunsa, na auna inda kafaɗarsa take tsayawa in ya tura. Na samo siraran bututun tsofaffin kekuna daga Damagaram, na ƙera masa dogon keke, ƙaramar ƙafa ɗaya can gaba, mazauni a ƙasa ƙasa. Duk abin da ba ya aiki na yanke shi, har yaro ma zai ɗaga keken da hannu ɗaya. Manyan ƙafafun baya kuwa na karkatar da su da gangan, samansu ya shigo ciki, ƙasansu ya buɗe. Haka ake yi, don kada taya ta goge wa mutum dantse, kuma kada keke ya kife a kwana. Ranar da ya gwada shi, wallahi sai da na hau babur kafin na cim masa. Ya tsaya yana haki yana dariya, ni kuma ina ta zaginsa don murna.

Baba ne bai yi dariya ba. Ya zagaya keken, ya ƙwanƙwasa bututun da ɗan yatsa.

"Wannan ai gwame ne. Kuma ƙarfen kamar karan gero."

Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, ya ce, "To."

Ana saura kwanaki kaɗan tafiya aka kira ni Belbeji, famfon wata rijiyar makiyaya ya tsaya, dabbobi sun yi cincirindo. Ba yadda zan ƙi. Keken yana zaure a rufe da tabarma, ƙanena kuma yana wuni a rumfarsa ta gyaran takalma.

Na dawo ana gobe tafiya, na tarar da Baba a zaure fuskarsa cike da fara'a. Ya yaye tabarmar da kansa. Innalillahi! Ashe da hannunsa ya tura keken har wurin mai waldan da ke haɗa amalanke. An gasa ƙarfen an miƙar da ƙafafun sun tsaya cak. An shimfiɗa ƙarfen gado mai kauri a ƙarƙashin mazauni, an ƙara kariyar ɗora kaya a baya, wai don jakarsa, an shafe shi da koren fenti. Na ɗaga, na ji kamar buhun gero.

Baba ya ce, "Ɗana ba zai shiga Damagaram da karkataccen keke a ce ba shi da gata ba. Yanzu ko rami ya faɗa, ba abin da zai same shi."

Kaina ya yi zafi, na buɗe baki zan yi magana, sai ƙanena ya damƙe mini wuyan hannu, irin damƙar da har yau nake tunawa. Ya dubi Baba ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." A gidanmu ba a ce wa uba ya yi ɓarna, balle uban da ya tsaya a rana a kan mai walda saboda kai.

Na kai keken wurin aikina na duba. Siraran bututun sun ƙone, inda aka lanƙwasa duk ya tsattsage, ƙarfen gadon ne kawai yake riƙe da su. In na cire shi keken ya watse. Kariyar kaɗai na iya yankewa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ƙato da ni.

Mun je Damagaram. Da aka busa usur ya tashi tare da sauran 'yan tseren, zagayen farko yana tsakiya, har na fara yaudarar kaina. Daga nan nauyi ya fara cinsa. A kowace kwana sai ya rage gudu don kada ya kife, tayoyin kuma suna gurzar dantsensa har rigarsa ta jiƙe da jini. Shi ya zo na ƙarshe, ana ta kwashe kujeru.

A mota na ce masa zan sake ƙera wani, wanda ya fi wannan. Bai ko waiwayo ba.

"Bari, Yaya. Kafaɗar nan ta fara yi mini ciwo tun bara, ban dai faɗa maka ba ne."

Bai sake hawa kwalta ba. Wani zaɓen ma ban sake jin labarinsa ba, ni kuma na koma kan injinan markaɗe.

Da muka iso gida ran nan, Baba yana bakin ƙofa yana jiranmu. Bai tambayi na nawa aka zo ba. Ya shafa keken, ya girgiza ƙafafun da ƙarfi, ya ce, "Ai dai bai karye ba ko?"

Ƙanena ya ja hannun rigarsa ya rufe dantsen.

"Bai karye ba, Baba."