Ranar da Muka Buɗe wa Baba Rashid Famfo

Cikin ranakun aikina a Madina, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka tura marar lafiya kicin muka buɗe masa famfo. Ku da kuka zo bayanmu kuna jin labarin gutsi-gutsi, to ga yadda aka yi.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Ina ma'aikaciyar jinya a sashen gaggawa na wani asibiti kusa da Harami. Kullum daga unguwar Bani Harisa nake tahowa, da littafin soyayya a jakata, irin waɗanda ƙanwata ke aiko mini daga Kano ta hannun alhazai. Tarayyar Sobiyet ba ta daɗe da wargajewa ba, sai ga Musulmin Rasha da aka tsare wa hanya shekara da shekaru sun fara kwararowa, wasu ma a motocin safa suka ratso ƙasashe.

Wata Talata da hantsi aka kawo wani dattijo ɗan ƙabilar Tatar, sunansa Rashid, matarsa Gulsum tana riƙe da gefen gadon. Fasfo ɗinsa har lokacin sunan ƙasar da ta riga ta mutu ne a jiki. Ni kuwa ba fasfon na kalla ba, yadda take gyara masa hula na kalla, na ce a raina yau ga littafina ya fito daga jaka yana tafiya da ƙafa.

Likitan tiyata ya duba, ya ce afendis ne ya kumbura, in ba a cire kafin la'asar ba zai iya fashewa. Ga wanda bai san aikinmu ba, ƙa'ida ce ba a yi wa mutum mai hankalinsa tiyata sai ya sa hannu a takardar amincewa. Na miƙa masa takarda da biro. Baba Rashid ya cusa hannayensa a hammata, ya girgiza kai. Aka kira tafintan tawagarsu, sai ma ya juya fuska bango.

Shugabar sashenmu, Ummu Faisal, haifaffiyar Madina ce, kakanninta Katsinawa, Hausarta rabi Larabci. Ta ce, "Ya Bilki, khalas, nemo Dakta Sabi'u, ai a wajensu ya yi karatu. Yalla!"

Dakta Sabi'u Bazazzage ne, likitan yara, a Rasha ya karanta likitanci. Ya zo ya gaida dattijon da Rashanci tiryan-tiryan. Baba Rashid ya zaro ido, ya faɗi wata magana, sai Dakta ya ƙyalƙyale da dariya.

Na ce, "Dakta, mutum na mutuwa kana dariya?"

Ya ce, "Sista, cewa ya yi jami'an asirin ƙasarsu har Madina suka biyo shi. Wai ina aka taɓa ganin baƙin mutum yana Rashanci haka in ba su suka turo shi ba?"

Sannan ya ja mu gefe ya yi mana bayani. Ya ce mutanen nan sun sha yaƙi da maƙwabta da na nesa, gwamnatinsu kuma ta koya musu cewa kowane baƙo ɗan leƙen asiri ne, duk wanda ya yi hulɗa da shi maci amana. Ba sa buɗe cikinsu a ofis. Maganar da ta isa magana a kicin ake yin ta, a rufe ƙofa, a buɗe famfo don ƙarar ruwa ta hana na'urar da aka ɓoye a bango ji.

Na ce, "To ai muna da kicin."

Ummu Faisal ta dafe ƙirji. "Marid, marar lafiya, a kicin? Kuma a zubar da moya, ruwa mai tsada, a Madina? Haram alaiki!"

Na ce, "Yaya, zan tara bokiti, a goge daɓe da shi."

Ta dubi agogo, ta dubi dattijon yana murƙususu, ta ce, "Ban gani ba, ban ji ba."

Muka ɗora shi a keken marasa lafiya zuwa ɗan kicin ɗinmu, Gulsum tana biye. Na rufe ƙofa, na tara bokiti, na murɗa famfo. Na zuba shayi, Dakta ya ce ya riƙe kawai, mai shiga tiyata ba ya shan komai. Baba Rashid ya dubi famfon, ya dubi Dakta, kafaɗunsa suka sauka.

Nan ya buɗe baki, Dakta yana fassara mini. Yana yaro wani kawunsu da ya yi ƙaura zuwa Turkiyya ya aiko musu da ƙunshin kaya. Mahaifinsa ya sa hannu ya karɓa. Ba a daɗe ba aka zo aka tafi da shi, aka ce yana yi wa ƙasar waje aiki, bai sake dawowa ba. Tun ranar ya rantse ba zai taɓa sa hannu a takardar baƙi ba.

Dakta ya karanta masa takardar layi-layi, ya ce iyakarta fayil ɗin asibiti. Ya ba shi labarin yadda shi ma ya sha bin layin burodi cikin ƙanƙara, yatsunsa suka ƙage. Dattijon ya yi murmushi, amma biron yana nan a ajiye.

Sai Gulsum ta ajiye kofinta. Ta yi masa magana a hankali, idonta cikin nasa. Na zunguri Dakta, na ce, "Kada ka rage ko kalma."

Ya ce, "Cewa ta yi: a kicin irin wannan aka ɗaura mana aure, labule a sauke, limami yana raɗa. Na ɓoye sallarka, na ɓoye azuminka, na biyo ka har garin Manzo. In ka bar ni na koma ni kaɗai da jakarka, me zan ce wa itacen tuffa da ka dasa mini?"

Wallahi duk littattafan da na karanta babu wanda ya rubuta wannan. Ina hawaye, bokiti yana cika. Baba Rashid ya yi bismilla, ya ɗauki biro, ya sa hannu. Kafin a kira azahar yana ɗakin tiyata.

Ranar sallamarsa ya ce a kai shi kicin. Na kai hannu zan murɗa famfo, sai ya riƙe kan famfon da kansa, ya girgiza kai. Ya ɗaga murya ya yi ta zuba magana, har Ummu Faisal ta leƙo. Dakta ya ce godiya yake yi, kuma yana ambaton sunan mahaifinsa, wanda tun yarinta bai faɗa da ƙarfi ba.

Abin da na koya shi ne, marar lafiya ba da ciwonsa kaɗai yake zuwa ba, yana tafe da tarihin ƙasarsa a hammata. In kun ga ya ƙi biro, kada ku ce taurin kai ne. Ku nemo masa kicin ɗinsa. Sai dai ku tara bokiti.