Katin da Baba Idi ya ajiye wa tsufa

Jama'a, yau na ga dattijo yana hawaye a asibiti.

Kun san Baba Idi, direban nan na unguwar Malaz a nan ƙasar Larabawa, mutumin Maraɗi. Yanar ido ta hana shi tuƙi, kafil, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya sallame shi. Da safe na raka shi asibiti. Ya zaro katin inshorar lafiyarsa daga cikin leda, sabo fil. Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya ce da Larabci katin ya mutu tun da aiki ya ƙare.

Baba ya yi murmushi ya ce mini, "Ɗana, faɗa masa ban taɓa amfani da shi ba. Ko ciwon haƙori ban kawo ba. Tarawa nake saboda tsufa."

Ashe ya ɗauka asusu ne! Na fassara. Ma'aikacin ya sunkuyar da kai, ya ce ba ya taruwa, duk shekara ƙarewa yake.

Baba ya mayar da katin leda a hankali. Ya ce, "To duk ciwon da na haɗiye fa, wa na ajiye wa?"