Gangar Noman da Na Kulle da Makulli Uku

A shekarun da zan ba ku labari ni ma'aikaci ne a wata hukumar gwamnati, kuma ni aka ɗora wa haɗa kan ofisoshinmu a kan duk abin da ya shafi kayan tarihi na yankin Batsari da Safana. Mutum ne ni mai son tsari har ya yi yawa. Ina da wani ƙaton rajista mai baƙin bango da ba ya rabuwa da jakata, har abokan aiki suna tsokanata wai da za a ƙyale ni da 'ya'yana ma na ɗaura masu lamba. A lokacin yabo nake ɗaukar maganar. Yanzu na ajiye aiki, kuma akwai abin da ya tsaya mani a rai wanda ban taɓa faɗa wa ko iyalina ba, shi ya sa na rubuto maku.

A wani ƙauye kusa da Wagini aka haife ni, kuma a garinmu akwai gangar noma wadda ba wanda ya san shekarunta. Ranar gayya, wato ranar da gari zai taru ya nome gonar mutum ɗaya, ita ce ke gaba. Kowane gida yana da takensa, in aka kaɗa shi sai ka ga magidanci ya sunkuya da hauya ya manta da rana da yunwa. Mahaifina mutum ne mai sanyi, ko tsawa bai iya ba, amma da ya ji takenmu sai ya bar sa'o'insa a tsakiyar kuyya, mata na guɗa daga gindin gawo inda aka jere ƙoren fura. Har yau in na tuna sai in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Makaɗin da ke riƙe da ita abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa, kuma a madafin gidansa take kwana, rataye sama da murhu, ta yi baƙi ƙirin da hayaki.

Sai shekarun wahala suka zo. Mutane suka riƙa barin ƙauyuka saboda ɓarayin daji, aka kwashe shanu, abinci ya yi tsada, hanya ta zama sai da addu'a. Hukumarmu ta ce a tattaro kayan tarihi wuri guda kafin su salwanta, kuma ni na tsara yadda za a yi. Na samu ɗaki a Batsari. Don kada wani ya yi ɗan hali, na ba jami'in Batsari makullin ƙofa, na ba na Safana makullin babban akwatin katakon da ke ciki, ni kuma na riƙe na kwaɗo na uku da rajista a Katsina. Ba a buɗewa sai mu uku mun haɗu. Aka yaba mani a taro, na dawo gida ina jin kaina.

Da na je karɓar gangar, na gaya wa Baba abin da ya kawo ni. Sai ya ce da baƙo ne ya zo da ko ƙofar madafin ba zai gani ba, amma ni ɗan gida ne, ba zai hana ni ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mani: duk shekara kafin ruwa ya sauka a fito da ita ta sha hayaki na 'yan kwanaki, a shafe fatar da man shanu, kuma kada a bar ta a ƙasa. Na ce masa to. A zuciyata kuwa ina cewa camfin tsofaffi ne, ni da na je kwas aka koya mani cewa hayaki ɓata kaya yake yi. Na sa aka goge ta tas, na ɗaura mata lamba ta roba, na sa a akwati na kulle.

Sau uku Baba yana zuwa Batsari a bayan babur, a wannan hanyar da ko matasa ke tsoro, don kawai a fito da ita. Na farko jami'in Safana yana garin Babban Duhu wajen ta'aziyya. Na biyu ni ne ban samu man mota ba. Na uku an canza jami'in Batsari, sabon bai san ma inda makullin yake ba. Kowane zuwa sai a kira ni a waya, in gaishe shi da ladabi, in ce ya yi haƙuri, ganga tana nan lafiya, ai a rubuce take. Ya ce da ni shi ba rubutun yake tambaya ba. Na yi dariya, Allah Ya yafe mani.

Da abubuwa suka ɗan lafa mutanenmu suka fara komawa gida, babu shanun huɗa, babu ƙarfin ɗaukar 'yan ƙwadago, sai suka ce a dawo da gayya. Baba ya aiko cewa wannan karon ba hayaki za ta sha ba, aiki za ta yi. Na yi ta faɗi-tashi har na haɗa mu uku da hantsi wata ranar kasuwa. Da aka ɗaga murfin na ji daɗi, don ga ta nan yadda na ajiye ta. Baba ya sa hannu zai ɗauka, sai yatsunsa suka shige cikin icen, jar ƙasa ta zubo masa a kan takalmi. Gara ta biyo ta ƙasan akwatin ta cinye cikin, ta bar mana siffa. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mani sauƙi. Sai ya tsuguna ya kwance lambar robar nan, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙo mani ya ce in riƙe, tawa ba abin da ya same ta.

Na je gayyar, don kunya ba ta bar ni na zauna a Katsina ba. Na raɓe can baya. Baba ya rataya wata jarkar manja da igiya yana kaɗawa da tsohuwar gulkarsa, kuma mutane sun yi noma, don yunwa ba ta bar masu zaɓi ba. Da ya hango ni sai ya juya kiɗan zuwa taken gidanmu. Sautin bai ko kai ƙarshen gonar ba, alhali a da daga ƙauyen maƙwabta ake jin sa. Na karɓi hauya a hannun wani na shiga kuyya da takalmin ofis, ina noma hawaye na zuba. Damina biyu bayan nan Baba ya rasu, kuma bai sake ɗaga mani maganar ba ko sau ɗaya.

Abin da na gane a makare shi ne, tsarina ya tsare gangar daga ɓarawo, amma ya tsare ta har daga mutum ɗaya tilo da ya san yadda ake raya ta. Ku da ke kan kujerun nan yanzu, in kun je karɓar kayan gado a hannun mai shi, ku zauna ku tambaye shi yadda ya yi abin ya kai ga zamaninku, ku rubuta amsarsa kafin ku rubuta lamba, kuma ku bar masa hanyar zuwa gare shi ba sai ya jira mutum uku ba. Lambar robar tana nan a aljihun jakata. Jikata ta taɓa tambayata ta mece ce, na ce mata ta wata ganga ce, ta ce in kwatanta mata yadda take kuka, na buɗe baki na rasa yadda zan yi.